Amsoshin Wasiƙunku: Tsofaffin littattafan kwanan daji, da inda suka gaza a namu dajin

Wasiƙar da na fara buɗewa wannan watan daga Yamai ta fito, daga wani matashin malamin kwalaji. Na ɗan rage mata tsawo, ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum Baba. Labarin ƙasa nake koyarwa. Na haɗa ƴan ajina goma sha biyar, muna son mu yi kwana biyu a daji lokacin hutun Disamba, su ga da idonsu abin da nake zana musu a allo. Matsalar ita ce ni haifaffen birni ne, ban taɓa kwana inda babu katanga ba. Na ji an ce akwai tsofaffin littattafai na kwanan daji da ake ɗauka kyauta a intanet. Waɗanne zan karanta? Ingilishina yana ɗan tafiya, aljihuna ne ba ya motsi."

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka faranta mini rai, don ni ma labarin ƙasar na koyar a nan Tawa har na ajiye alli, kuma yaran da na fita da su daji, yau wasu da furfura, in mun haɗu a kasuwa ba darasin aji suke tuna mini ba, daren da muka ƙone shinkafa suke tunawa.

Littattafan suna nan, kuma ɗaukarsu ba sata ba ce. Littafi in ya tsufa haƙƙin mallakarsa yakan faɗi, ya zama na kowa. A Amurka, wanda aka buga fiye da shekara 95 da suka wuce ya fita daga hannun mai ɗab'i. Rumbuna uku nake shiga. Na farko Project Gutenberg, wanda wani Ba'amurke, Michael Hart, ya fara tun 1971, yanzu yana ɗauke da littattafai sama da dubu 70. Na biyu Internet Archive, inda za ka samu hoton shafukan littafin kamar yadda aka buga shi, har da tabon hannun waɗanda suka karanta shi kafin a haifi kakanka. Na uku Gallica, na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, ga mai son Faransanci. Ka rubuta sunan marubucin a wurin nema, shi ke nan.

Fara da ƙarami. Sunansa Woodcraft, an buga shi a 1884, mai shi George Washington Sears, amma da laƙabin Nessmuk aka san shi. Ɗinkin takalmi ne sana'arsa, ɗan tsurut ne, ga ciwon ƙirji, kuma wannan rashin ƙarfi ne ya sa littafin ya yi daɗi. Tunda ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi, sai ya zauna ya yi tunanin abin da mutum ba zai iya rayuwa babu shi ba, ya watsar da sauran. Ƙarfe uku kawai yake riƙewa: ɗan gatari, wuƙar ɗamara, da wuƙar aljihu. Kwalekwalen da ya yi yawo da shi a tafkunan arewacin jihar New York bai kai kilo 5 ba. Akwai wata magana tasa da nake so, ma'anarta ita ce ba wahala muke zuwa sha a daji ba, sauƙi muke nema, wahala kam mun sha ta ishe mu a gida. Ka karanta wa yaranka wannan kafin su fara haɗa kaya, in ba haka ba za ka ga mai zuwa da akwati da takalmin salla. A dare biyu za ka gama shi.

Na biyu mai kauri ne: Camping and Woodcraft na Horace Kephart, wanda ya fara fita a 1906, daga baya aka faɗaɗa shi ya zama juzu'i biyu a 1916 da 1917. Kephart shugaban wani ɗakin karatu ne a birnin St. Louis kafin ya tattara ya koma cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa a 1904, kuma halin mai jera littattafai bai bar shi ba. Kome a tsare yake, kome da gurbinsa. Kada ka ce za ka karanta shi daga bango zuwa bango, za ka yi barci a babin harbi da na gyaran nama da kifi. Ka nemi inda ya yi maganar zaɓen wurin yada zango, da tsabtar zango, da jerin guzuri, sai kuma babin ɓata a daji. Wannan na ƙarshen ya fi sauran duka. Abin da yake cewa shi ne ba yunwa ke fara kashe wanda ya ɓata ba, ruɗewa ce. Da ka gane ka ɓata, ka tsaya cak, ka zauna, ka yi alama a wurin, ka bari zuciya ta kwanta kafin ƙafa ta motsa. Duk yaron da za ka fita da shi ya haddace wannan kamar Fatiha.

Na uku shi ne wanda aka rubuta domin yara: Scouting for Boys na Robert Baden-Powell, 1908, littafin da ya haifi ƙungiyar ƴan sikawut ta duniya. Shekara guda kafin nan ya gwada abin da yara kusan ashirin a tsibirin Brownsea na Ingila. Bai kira babukan littafin darasi ba, ya kira su hirar bakin wuta, kuma haka suke. A ciki za ka samu ƙulle-ƙullen igiya da zanensu, da bin sawu, da gane arewa ta taurari, da dabarar raba yara ƙungiya-ƙungiya kowace da shugabanta, wadda za ta rage maka ciwon kai ƙwarai. Akwai wani wasa da na yi ta yi da yarana: ka zuba ƙananan abubuwa a faranti, goro, ashana, maɓalli, ƙwallon magarya, su kalla minti ɗaya, ka rufe da mayafi, kowa ya rubuta abin da ya gani. Za ka sha mamaki, sau da yawa wanda yake ƙarshen aji shi yake cinyewa. Sai dai ka san da wa kake hira. Baden-Powell hafsan sojan mulkin mallaka ne, yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarkin Asante Prempeh, kuma yadda yake maganar baƙar fata a wasu shafuka ba zai yi maka daɗi ba. Ni ban ɓoye wa yarana waɗannan shafukan ba. Mun karanta, mun yi gardama a kansu, darasin tarihi ya shigo ta taga.

To, yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. Mutanen nan uku a ƙasar ruwa da itace suka rubuta. Damuwarsu sanyi, da laima, da yadda za a hura wuta da jiƙaƙƙen icce. Nessmuk in zai kwana sai ya sare bishiyoyi ya jera kututture ya yi wutar da za ta kai asuba, ya kuma karyo rassa ya yi katifa. Wani littafin da yara ke so saboda zane-zanensa, Shelters, Shacks and Shanties na Daniel Beard, 1914, kusan kowace bukka da ya zana sai an kayar da itatuwa ko an ɓare musu ɓawo. Ka yi haka a nan, ka ga ikon Allah. Ka sa gatari a jikin gawo, kafin ma'aikatan gandun daji su iso mai gonar ya riga su, kuma shi ke da gaskiya. Mu da muka ga irin gumin da matan Kaita suka zubar tun 1984 suna jera duwatsu suna dasa itatuwa a kan faƙo, ba za mu koya wa yara sara don wasa ba. Busassun ƙirare da kara da kashin shanu sun isa dafa shayi da tukunya ɗaya. Kuma a Disamba ciyawa ta bushe, ga iskar hunturu. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin dabbobin rugage goma. A share fili da faɗi kafin a kunna, a binne tokar da yashi kafin a kwanta.

Su ruwa a wurinsu abu ne da ake tsallakewa. Mu shi ne tafiyar gaba ɗaya. Ƙa'idata tun ina fita da yara, lita 5 ga kowane kai a yini don sha kawai, ban da girki da alwala, kuma bido ɗaya na ajiya wanda ba mai taɓa shi sai ni. Kada yaro ya shiga tafki wanka kome zafin rana, tsargiya a nan take.

Saboda haka ne na fi ba ka shawarar na huɗu, ko da yake shi ne mafi tsufa: The Art of Travel na Francis Galton, 1855. Shi dai ya yi tafiya a busasshiyar ƙasa, wadda yanzu ake kira Namibiya, ya kuma tattaro dabarun matafiya daga ko'ina. Babinsa na ruwa ya san ƙishirwa: inda ake tona a busasshiyar ƙorama, yadda ake lura da inda tsuntsaye suka nufa da yamma, yadda hanyoyin dabbobi ke haɗuwa in sun kusa mashaya, yadda ake ɗaukar ruwa a salka. Akwai kuma abin dariya. Ya ce in takalmi ya yi tauri, ka fasa ɗanyen ƙwai a ciki kafin ka sa ƙafa. Ya ce in jaki ya dame ka da kuka cikin dare, ka ɗaura masa dutse mai nauyi a wutsiya, wai sai ya ɗaga wutsiya yake iya kuka, dabarar da ya ce wasu matafiya sun gano a ƙasar Sin. Na faɗa wa wani maƙwabcina mai amalanke, ya dube ni ya ce, "Mushe, shi Baturen ya taɓa tsayawa bayan jaki kuwa?" Galton ma ba tsarkakakke ba ne. Shi ne uban aƙidar nan ta tace jinsin ɗan Adam, kuma a littafin akwai babi sukutum kan yadda ake juya mutanen da ya kira ƴan daji, wato irinmu. Ka ɗebi ruwan, ka bar masa laka.

Wuri ɗaya ne zan ce kada ka bi ko ɗayansu, ko da wasa: magani. Galton ya ce in maciji ya sari mutum a ɗaure sama da wurin tamau, a tsotse, a ƙone, in babu abin ƙonawa a zuba albarushi a kunna. Kephart da Baden-Powell ma tsagawa da tsotsa suke koyarwa. Likitocin yau sun hana duk wannan. Kububuwa ko kasa in ta yi sara, a kwantar da yaron, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa likita mafi kusa inda ake da allurar dafin maciji. Ba tsagawa, ba ɗauri mai tsanani. Tun kafin ku tashi ka san sunan garin da likitar take, ka san wanda zai kai ku. A kakkaɓe takalmi kowace safiya saboda kunama, kowa kuma ya zo da sangensa.

Na bar mafi soyuwa a gare ni ƙarshe, ko da yake ba littafin koyon zango ba ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdul Karim, ya yi shekara biyar, 1850 zuwa 1855, yana yawo a ƙasashen nan, ya rubuta juzu'i biyar da suka fita a 1857 da 1858. Ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, har yau ana nuna gidan da ya sauka. Ya bi ta Tasawa, Katsina, Kano, Damagaram, Sakkwato, ya haye kogin Kwara a Sayi cikin 1853 kan hanyarsa ta Tambutu. Yana jin Hausa, yana shan fura, yana rubuta sunan kowace rijiya da kowane icce. Ga malamin labarin ƙasa wannan taska ce: ka karanta wa yara yadda ya ga wuri, su kwatanta da yadda yake yau. Ka kuma karanta musu abin da ya same shi a dutsen Idinen kusa da Gat, inda ya ƙi jin maganar Buzaye ya hau shi kaɗai, ruwansa ya ƙare, ya ɓata, har ƙishirwa ta sa ya tsaga hannunsa ya sha jininsa, sai washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya tsinto shi rai a hannun Allah. Mai digirin jami'ar Berlin ke nan.

Kuma a ayarin nasa akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa aka ƴanta, ya bi Barth ya ratsa Sahara har Ingila. A can ya ba wani ɗan mishan, Schön, labarin rayuwarsa da tafiyarsa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ka neme shi a Internet Archive. Rubutun ya bambanta da namu na yau, sai ka karanta a bayyane kafin kunne ya kama, amma in ya kama, muryar yaro ce ɗan uwansu take ba su labarin hamada da teku.

Bari in ba ka nawa labarin, ka san dalilin da ya sa nake ja maka kunne. Wata shekara, farkon damina, na fita da yara wajen duwatsun Kaita, da Kephart ɗina a jaka, ina ji da kaina. Na zaɓi cikin wata busasshiyar ƙorama, yashi mai laushi, babu ƙarangiya, ga inuwa. Sama garau. Gab da magariba wani tsohon Bafillace ya biyo da shanunsa, ya gaishe mu, ya dubi gabas, ya ce, "Malam, ku hau tudu." Na ce ai babu hadari. Ya ce ba a nan za a yi ba. Don kunyar furfurarsa kawai na sa yara suka kwashe kaya suna guna-guni. Cikin dare muka ji ruri kamar jirgi, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, amma da gari ya waye inda muka shimfiɗa tabarmi ruwa ne ja yana tafe da kututture. Abin haushin, da na koma gida na duba, Kephart ma ya gargaɗi mutane game da irin wannan wuri. Na karanta shafin, ban gane shi a ƙasa ba. Don haka duk inda za ku, ka fara sauka wurin mai gari, ka roƙe shi ya haɗa ku da dattijo ɗaya, makiyayi ko maharbi, ku biya shi hakkinsa, ya kwana da ku. Shi zai nuna wa yara sabara da geza da kalgo, ya hana su taɓa ido bayan sun taɓa tumfafiya, ya nuna musu Kaza da Ƴaƴanta a sama. Kai kuma ka nuna musu tauraron arewa, wanda a Yamai yake ƙasa-ƙasa, kamar digiri 13 da rabi bisa doron ƙasa, ka gaya musu wannan adadin shi ne nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. Darasin wata guda ke nan a dare ɗaya.

Sauran magana ita ce ta tsaro, kuma ba littafin da zai yi maka ita. Kowa ya san abin da ya faru a Kure, dajin raƙuman dawa, a watan Agusta na 2020, inda ƴan bindiga suka kashe mutum takwas. Kada ka yanke shawarar wuri kai kaɗai. Takardar izinin kowane uba, amincewar shugaban makaranta, sannan ka je wurin jandarma ka faɗi inda za ku da ranar dawowa. In sun ce a'a, a'a ɗin ce. Gonar kakan wani yaro a bakin gari, ko lambu a bakin kogi, ya isa a kwana a ga taurari. Ka fara shirin tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasiƙa ta biyu daga nan Tawa take, daga wata uwa:

"Malam, ƴata tana lise, Faransanci kawai take karantawa, kuma ta dame ni da zancen yawon daji. Mu da muka baro ƙauye don mu huta da kwanan gona, me ya kai ta? In da littafin da zai ishe ta ta zauna gida, ka faɗa mini."

Hajiya, kin ba ni dariya, kuma tambayarki ta fi ta malamin can zurfi. Turawan nan ba su fara rubuta littattafan kwanan daji ba sai da birane suka cika, jikokin manoma suka tashi ba su san hura wuta ba. Mu ma layin muka shiga. Abin da kika gudo wa, ita ba ta taɓa gani ba, shi ya sa yake mata ƙyalli. Littafin da zai zaunar da ita gida kam ban san shi ba, duk wanda na sani ƙara mata ƙaiƙayin ƙafa zai yi. Ta nemi Voyage avec un âne dans les Cévennes, fassarar littafin Stevenson na 1879, labarin kwana goma sha biyu da ya yi a duwatsun kudancin Faransa da wata jaka mai taurin kai, Modestine. Duk wanda ya taɓa kora jaki zai yi dariya har hawaye. In tana son na ƙasarmu, a Gallica akwai na Monteil, De Saint-Louis à Tripoli par le lac Tchad, wanda ya bi ta Sayi da Sakkwato da Kano da Bilma, da na Foureau, D'Alger au Congo par le Tchad, da ya ratsa Abzin da Damagaram a 1899. Waɗannan biyun ƴan share fagen mamaya ne, ta karanta su tana sane. Shawarata kuwa, hutun kaka mai zuwa ki kai ta ƙauyen da kanki, ta kwana a gona mako guda wajen innarta. Ko dai ta warke, ko ki gane da gaske take.

Wani kuma ya turo saƙo gajere, bai faɗi garinsu ba: "Baba, kuɗin intanet fa? Kyautar da sai an sayi kati ai ba kyauta ba ce."

Gaskiyarka, ɗana. A Gutenberg ka zaɓi kwafin da babu hotuna, mafi yawansu ba su kai nauyin hoto ɗaya na salula ba. Na Internet Archive da Gallica su ne masu nauyi, tunda hoton kowane shafi ne. Waɗannan mutum ɗaya ya sauke inda ya samu intanet mai arha, ya tura wa sauran ta Bluetooth ko Xender. Mai son saurare maimakon karatu ya duba LibriVox, inda ƴan sa kai suka karanta tsofaffin littattafai da murya, har da na Stevenson ɗin nan. Amma salula a daji batirinta na kiran gida ne. Shafukan ƙullin igiya da na taurari, ka kai su wurin mai hoto-kwafi a fitar maka a takarda, ba su wuce goma ba, ka sa su cikin leda saboda ƙura.